Wayarka Ba Sai Ta Bar Hannunka Ba



Wanda ya san Gyallesu a Zariya ya san unguwa ce da takarda ke ciyar da gidaje da yawa. Ga Kongo a maƙwabtaka, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da tsangayar shari'a da ta harkokin mulki, wurin da aka fara horar da akawuna tun 1947, kafin ma a kafa jami'ar a 1962. Ga kuma tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wadda kowa ya fi sani da FCE. Inda ɗalibai suka taru kuwa, shagunan kwamfuta ba sa jiran gayyata. Daga Gyallesu har cikin Tudun Wada za ka same su jere: mai fotokwafi, mai buga aikin ɗalibai, mai cike fom na neman aiki ko na jarrabawa, mai wanke hoton fasfo. Janareto na kuka a bakin ƙofa, firinta na aiki a ciki, mutane na tsaye kowa da waya a hannu.

Wayar nan ta hannu ita ce zancenmu na yau, musamman ɗan tazarar da ke tsakaninta da kwamfutar mai shago. Tazarar ba ta wuce taku biyu ba. Amma yadda muke tsallakar da takarda daga wannan zuwa waccan yana ci mana kuɗi, wani lokacin ma yana ci mana mutunci.

Ku tsaya minti biyar a kowane shago, za ku ji wannan hirar. Ɗaliba ta shigo ta ce, "Malam, don Allah zan buga takarda, tana cikin wayata." Mai shago ko ɗago kai bai yi ba, zai nuna mata lambar da ya liƙa a bango ya ce, "Hajiya, turo ta WhatsApp." Sai ta ajiye lambarsa, ta kunna data, ta tura, a tsaya ana kallon ɗan da'irar nan tana juyawa. In sabis ya yi kyau, shi ke nan. In ranar sabis ya ƙi, sai a fita bakin titi ana ɗaga waya sama. Takardar nan sai ta bar wayar, ta hau turken kamfanin sadarwa, ta bi ta manyan na'urorin kamfanin WhatsApp da ke can wata uwa duniya, sannan ta juyo ta sauka a kwamfutar da ke gaban mai ita. Kamar mutumin Gyallesu ne zai aika saƙo Tudun Wada, ya ce wa ɗan aiken ya bi ta Legas. An ci datar mai takarda, an ci ta mai shago, kuma tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin abincin dare. Ga shi lambarta ta zauna a wayar wanda ba ta sani ba, wataƙila har da yaran shagonsa. In hoto ne ta tura a matsayin hoto, manhajar ta matse shi ta rage masa kyau, shi ya sa wani lokaci takardar shaida ke fitowa dishi-dishi, hatimin makaranta ba ya karantuwa.

In data ta ƙare, sai a koma hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko muni. "Kawo wayar, cire mata makulli." A soka mata kebul, a danna izinin ɗaukar fayil, sai ga cikin wayar a buɗe a allon kwamfuta: hotunan biki, hotunan iyali, hoton katin banki da wani ya ɗauka don kada ya manta lamba, muryoyin da aka turo. Yawancin masu shagon nan mutanen kirki ne, abincinsu suke nema, kuma ba ruwansu da abin da ba a sa su ba. Amma kwafe babban fayil na hotuna ba ya ɗaukar lokacin da za ka juya ka amsa sallamar wani. Hanya ta uku, wato filas ko katin memori, duk ɗalibin da ya yi aikin kammala karatu ya san labarinta: ka soka a kwamfutar shago, ka koma ɗaki ka tarar fayilolinka sun ɓuya, ƙwayar cuta ta bar maka gumaka marasa komai.

Alhali a cikin wayar nan, da kuma cikin kusan kowace kwamfutar tafi-da-gidanka, akwai ƙaramar rediyo da aka ƙera musamman domin wannan aiki. Ita ce Bluetooth. Yau in ka ambace ta, abin da ke zuwa ran matashi shi ne abin sawa a kunne, ko lasifikar mai shayi, ko rediyon Keke Napep. Mun manta cewa tun asali an yi ta ne don a raba na'urori da igiya. Injiniyoyin kamfanin Ericsson a garin Lund na ƙasar Suwidin suka fara aikin a 1994, kuma wani Baholande mai suna Jaap Haartsen na cikin waɗanda suka tsara ta. A 1998 kamfanoni biyar, Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba, suka haɗu suka amince da ƙa'ida ɗaya. Ku lura da jerin: biyu masu ƙera waya, sauran masu harkar kwamfuta. Abin da ya tara su ke nan, waya ta yi magana da kwamfuta ba tare da kebul ba.

Yadda take aiki ba wani sihiri ba ne. Tana amfani da zangon rediyo na gigahaz 2.4, wanda ba a biyan lasisi a kansa, shi ya sa Wi-Fi ma a nan yake. Saboda cunkoson wurin, ba ta zama a tasha ɗaya. An yanka mata zangon gida 79, tana tsalle daga wannan zuwa wancan sau 1,600 a cikin daƙiƙa guda, kuma na'urori biyun da suka ƙulla su ne ke bin tsarin tsallen tare. Shi ya sa mutum ashirin za su kunna Bluetooth a shago ɗaya ba tare da saƙon wani ya faɗa wayar wani ba. Ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai, a yawancin wayoyi bai wuce 'yan miliwat ba, don haka nisanta kamar mita 10 ne, kuma bango ko jikin mutum na rage shi. Babban abin da nake so mai sauraro ya riƙe shi ne wannan: ba ta bukatar layi, ba ta bukatar sabis, ba ta taɓa data. Ko wayar da babu sim a cikinta za ta tura. A 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, kira ya tsaya, intanet ya tsaya, amma waya biyu da ke ɗaki ɗaya ba abin da ya hana su miƙa wa juna fayil.

Abin mamakin shi ne mu ba baƙin wannan fasaha ba ne. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma kafin shekaru kaɗan samarin Zariya sun ƙware a turi. Waɗanda suka manyanta kaɗan za su tuna zamanin infrared, lokacin da ake kwantar da waya biyu kan benci, ɗan baƙin gilashin wannan na kallon na waccan, a ce wa kowa kada ya motsa. Wani ya girgiza benci, aiki ya lalace, a sake daga farko. Da wayoyi irin su Nokia 6600 suka zo da Bluetooth, sai aka huta, kana iya turi wayar na aljihu. Daga nan sana'a ta tashi. Mai turi ya kafa tebur da lema da kwamfuta, ya cika ta da karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi da finafinai, kana biya yana zuba maka. 'Yan fim na Kano sun daɗe suna kuka da masu turi, don suna cikin abin da ya karya kasuwar faifai, kuma kukan nasu na da hujja. Sai dai ta wannan hanyar ce kuma wasu suka yi suna. Mawaƙin Abzinawa na Nijar, Mdou Moctar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka riƙa tafiya daga waya zuwa waya har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tattara waƙoƙin da ya samu a wayoyin mutane ya fitar da su a faifai, har da ta Mdou Moctar, wanda yau ga shi yana zagaya duniya da jita. Babu gidan rediyon da ya ɗauki nauyinsa a farko, Bluetooth da katin memori ne suka yi masa talla.

To me ya sa muka watsar? Saboda tana da nawa, wannan gaskiya ne. Ko bayan gyaran da aka yi mata a 2004, abin da take iya ɗauka a aikace bai wuce kamar megabit 2 a daƙiƙa ba, sau da yawa ma ƙasa da haka. Fim mai nauyin megabait 700 zai cinye maka kusan awa guda, ko fiye. Da manyan wayoyi suka zo, finafinai suka yi nauyi, sai Xender da SHAREit suka karɓe kasuwa, don su Wi-Fi suke amfani da shi: waya ɗaya ta buɗe ƙaramar tasha, ɗayar ta shiga, fim ya wuce cikin minti ɗaya ko biyu. Daga nan aka yanke wa Bluetooth hukuncin cewa ta tsufa. Amma a shagon buga takardu ba fim ake kawowa ba. Wasiƙar neman aiki, takardar biyan kuɗin makaranta, babi ɗaya na aikin ɗalibi, hoton fasfo, yawancinsu ba su kai megabait 2 ba. Wannan kuwa daƙiƙa goma zuwa ashirin ne. Kafin ka gama ajiye lambar mai shago a wayarka, da tuni takardar ta isa.

Bari in faɗi yadda ake yi, don na lura da yawa sun taɓa gwadawa ta ƙi, suka ce ba ta aiki. A kunna Bluetooth a wayar da kwamfutar. A cikin saitin kwamfutar a nemi ƙara sabuwar na'ura, sunan wayar zai fito, a danna. Lamba mai alƙaluma shida za ta bayyana a allon biyu. A duba da ido a tabbatar iri ɗaya ce kafin a amince, kada a danna da ka, domin wannan lambar ce shaidar cewa da kwamfutar gabanka kake ƙullawa, ba da wani da ke zaune a benci ba. A da, lambar sirrin kan zama sifili huɗu ko ɗaya zuwa huɗu, kowa ya san ta. Tun 2007 aka kawo wannan tsari na kwatanta lamba. Sai wurin da mutane ke faɗuwa: kwamfuta mai Windows ba ta karɓar fayil haka kawai. Sai mai ita ya shiga alamar Bluetooth da ke ƙasan allo ta dama, ya zaɓi karɓar fayil, taga ta buɗe tana jira. Bayan nan ne mai waya zai je kan takardarsa, ya danna alamar rabawa, ya zaɓi Bluetooth, ya zaɓi sunan kwamfutar. In ka riga ta turawa kafin ta buɗe tagar, wayar za ta ce maka an kasa, kai kuma ka ɗora wa fasahar laifi. Da fayil ya sauka, kwamfutar za ta tambayi inda za a ajiye. Abin da ka zaɓa shi kaɗai ya tafi, kuma wayarka tana hannunka tun daga farko har ƙarshe.

Wani mai shago zai ce, "Ai tawa kwamfutar ta tebur ce, ta hannu na saya, ba ta da Bluetooth." Haka ne, yawancin tsofaffin na tebur ba su da ita. Amma akwai ɗan abin da ake sokawa a ramin USB, bai kai kan ɗan yatsa ba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma masu sayar da kayan kwamfuta a PZ da Sabon Gari sun san shi. Wanda kwamfutarsa ke da Windows 10 ko 11 kuwa, yana iya sa manhajar Quick Share. Google ta fito da ita a 2020 da sunan Nearby Share, ta kawo ta kwamfuta a 2023, sannan a farkon 2024 ta haɗe ta da ta Samsung. Ita dabararta, da Bluetooth take gano na'urar da ke kusa, sannan ta ɗauki kayan ta Wi-Fi, don haka ta haɗa sauƙi da sauri, kuma tana cikin yawancin wayoyin Android tun daga kamfani. Ni dai na fi natsuwa da ita a kan manhajojin turi masu cika allo da talla, masu neman izinin shiga lambobin mutane da wurin da kake alhali hoto ɗaya za ka tura. Ƙasar Indiya ma ta haramta Xender da SHAREit a 2020 cikin manhajoji 59 na kamfanonin Sin. Rikicin kan iyaka na cikin dalilan, ba na musu, amma tambayar da suka yi game da bayanan mutane tambaya ce da ta dace mu ma mu riƙa yi.

Kada kuma wani ya ji wannan sharhi ya ɗauka na ce Bluetooth ba ta da haɗari. Tana da shi, kuma mun ɗanɗana. A 2004 aka samu Cabir, ƙwayar cutar farko da ta riƙa yawo tsakanin wayoyin Nokia masu tsarin Symbian ta Bluetooth. Saƙo ne zai yi ta shigowa yana neman ka karɓa, ka ƙi ya dawo, ka ƙi ya dawo, har ka gaji ka danna, sai batirinka ya fara zuba don wayar ta koma farautar wasu. A 2017 masu bincike na kamfanin Armis suka bayyana wasu ramuka da suka kira BlueBorne, waɗanda ta cikinsu ana iya shiga na'ura ko mai ita bai danna komai ba, muddin Bluetooth a kunne take. Microsoft da Google sun toshe ramukan a shekarar, amma toshiyar tana isa ne ga wanda ke sabunta na'urarsa. Kwamfutoci nawa ne a shagunanmu har yau ke kan Windows 7, wadda kamfanin ya daina kula da ita tun Janairun 2020? Ga kuma abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri ya fita daga waya ɗaya ya bazu gari ta Bluetooth cikin 'yan kwanaki, ya girgiza masana'antar fim, ya jawo tsauraran dokokin tace finafinai. Ba a bukaci intanet ba a lokacin. Abin da ya bar wayarka ya bar ikonka, ko ta wace hanya ya fita.

Saboda haka akwai ɗabi'un da ya kamata su zama jiki. In ka gama turi a shago, shiga jerin na'urorin da wayarka ta ƙulla da su, ka goge sunan kwamfutar. Ƙullawar nan ba ta warwarewa da kanta. In ka bar ta, duk ranar da ka wuce ƙofar shagon da Bluetooth a kunne, na'urorin biyu sun san juna. In lokacin ƙullawa wayar ta tambaye ka ko a ba kwamfutar izinin ganin lambobin mutanenka da tarihin kiranka, ka ce a'a, buga takarda bai bukaci wannan ba. Saƙon da ba ka san mai shi ba, a tasha ko a aji ko a cikin mota, kada ka karɓa. Sannan a dubi sunan da aka raɗa wa waya. 'Yan mata da yawa suna sa cikakken sunansu, wasu har da lambar waya, duk wanda ya kunna nema a cikin bas ɗin Samaru zai iya gani. A sa wani suna da ba ya nuna kowa.

Saura magana ga 'yan'uwana masu shago, don rabin gyaran a hannunku yake. Ko ta Bluetooth aka turo, takardar ta sauka a kwamfutarku, kuma a nan take kwana. Ku buɗe wurin saukar fayil na kowace kwamfutar shago ku gani: takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa mai lambar NIN, sakamakon asibiti, bayanan asusun banki, takardun kotu na ɗaliban shari'a da na masu ƙara, na shekara da shekaru, duk wanda ya zauna a kujerar yana iya buɗewa. Tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu doka, wannan amana ce aka bar muku. Ku ware wuri ɗaya da fayilolin kwastoma ke sauka, ku goge a gabansa in an gama bugawa, ku kwashe kwandon sharar kwamfutar kafin ku rufe shago. Ku raɗa wa kwamfutar sunan shagonku, ku rubuta shi a bango inda kuka liƙa lambar WhatsApp, don mai turi ya san wadda zai zaɓa cikin sunaye biyar da za su fito masa. Mai shagon da ya ce wa dattijo, "Baba, riƙe wayarka, ga yadda za ka turo," ya nuna masa sau ɗaya, na tabbata gobe ma wurinsa dattijon zai dawo, har ya kawo 'ya'yansa mata.

Masu iPhone kuwa, ku yi haƙuri, wannan hanyar ba taku ba ce. Kamfanin Apple bai buɗe wa wayarsa tura fayil ta Bluetooth zuwa kwamfuta mai Windows ba, AirDrop ɗinsa kuma an gina shi ne domin na'urorin gidansa. In kun shiga shago a Gyallesu, ko dai ku tura ta imel, wanda aƙalla ba ya ba da lambar wayarku, ko ku yi amfani da kebul kuna tsaye a kan wayar. In allon ya tambaye ku ko kun amince da wannan kwamfuta, ku san cewa amsar tana zama a wayar har sai kun shiga saiti kun share ta da kanku.